Zargin damfarar kati: yadda mai gaskiya ke faɗawa ciki, da abin da ke fitar da shi

Jama'a, duk mai amfani da katin banki, da duk mai saye ko sayarwa ta intanet, ya kamata ya san cewa ba sai ya saci katin kowa ba kafin sunansa ya shiga fayil ɗin binciken damfara. Gogaggen ɗan damfara ba ya barin sunansa a ko'ina. Da asusun wani yake aiki, da adireshin wani, da layin wayar wani. Shi kuwa mai bincike sawu yake bi, inda sawun ya tsaya kuma nan zai ƙwanƙwasa ƙofa. Sau da yawa ƙofar ta wanda bai ji ba bai gani ba ce.

Ga yadda abin ke farawa. Mai kati ya ga an cire masa kuɗin da bai sani ba, sai ya kai kuka bankinsa. Bankin ya bi ta tsarin Visa ko Mastercard ya janyo kuɗin daga bankin mai shago, kuma a yawancin lokuta ana iya yin haka har zuwa kwana 120 bayan cinikin. Mai shago ya rasa kaya ya rasa kuɗi, sai ya fito da duk abin da kwamfutarsa ta adana: sunan da aka rubuta, inda aka kai kayan, imel, lambar waya, adireshin IP (lambar da ke nuna layin intanet ɗin da aka shigo ta kansa), da alamomin na'urar da aka yi odar da ita. Waɗannan su ne ake miƙa wa 'yan sanda. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke nuna hannun da ya shigar da lambar katin. Inda kaya suka sauka kawai suke nunawa, da inda kuɗi suka bi.

Hanyar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ciniki mai kusurwa uku, domin wanda ya faɗa cikinta bai yi komai ba illa sayayya. Ɗan damfara ya tallata waya ko takalmi a wata kasuwar intanet da farashi mai rahusa. Kai ka biya shi da kuɗinka na halal. Shi kuma ba shi da kayan ma. Sai ya shiga shafin wani shago na gaske ya yi odar kayan da katin sata, ya sa sunanka da adireshinka a matsayin wanda za a kai wa. Kaya su iso sababbi fil, ka yi murna, har ka yaba masa a shafinsa. Bayan wata biyu ko uku mai katin ya farga. A littafin shagon, kai ne ka karɓi kayan da aka saya da katin sata, kai ne ka sa hannu, kayan kuma suna ɗakinka. Alamar da za ta farkar da kai tun farko ita ce takardar cikin kwali: idan ta fito daga wani shago dabam da wanda ka biya, ko tana ɗauke da sunan wani baƙo a matsayin mai biya, to ka ɗauki hotonta, ka ajiye kwalin, ka sanar da kasuwar a rubuce a ranar.

Ta biyu ita ce aron asusu. Wani ya ce nasa ya sami matsala, a turo kuɗi ta naka ka cire masa, ga ɗan kasonka. Ko a ɗauke ka "aiki daga gida" wanda bai wuce karɓar kuɗi ka tura gaba ba, ko karɓar kwalaye ka sake lulluɓe su ka aika wata ƙasa. Ko kana sayar da kuɗin kirifto, wani ya biya ka daga asusun da sunansa bai yi daidai da na mai sayen ba. A duk waɗannan, kai ne mutum na farko da ke da suna na gaske da hoto na gaske a cikin sarƙar. A idon mai bincike ɓarawon zaune ne kai har sai an ga akasin haka.

Akwai kuma wadda mutum ke jawo wa kansa cikin rashin sani. Ka duba bayanan asusunka ka ga wani suna da ba ka gane ba, nan take ka kira banki ka ce an damfare ka. Alhali sunan da kamfani ya yi rajista da shi ne ya fito, wanda ya bambanta da sunan da ke kan allonsa, ko kuma yaro ne ya sayi wasa a wayarka, ko kuɗin wata hidima ce da ka yi wa rajista, wanda ake cirewa kai tsaye duk shekara. Tun watan Afrilun 2023 Visa ta ba masu shago damar kare kansu idan suka nuna ciniki biyu na baya, masu tsufan kwana 120 zuwa 365, da aka yi da katin ba tare da ƙorafi ba kuma daga na'ura ɗaya ko IP ɗaya. Idan suka nuna haka, kai da ka kai ƙara ka zama wanda ake kallo da ƙarya. Kafin ka furta kalmar damfara, bincika sunan, tambayi mutanen gida, duba imel ɗinka. Haka nan amfani da katin miji ko na iyaye ko na wurin aiki da izinin baki kawai: ranar da aka ɓata, izinin ba shi da shaida. Saƙo ɗaya a rubuce da ke cewa "na yarda ka cire kaza don kaza" ya isa ya raba gardama.

Shaidar kwamfuta ma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma ina so mutane su riƙe wannan sosai. Kamfanonin wayar salula kan haɗa mutane masu yawa a kan adireshin IP guda a lokaci ɗaya, don haka sai an haɗa da lambar ƙofar sadarwa (port) da aka bi da ainihin daƙiƙar da abin ya faru kafin a ware mutum ɗaya. Idan agogon shago yana kan lokacin wata ƙasa, na kamfanin waya yana kan na gida, kuskuren awa ɗaya ya isa ya nuna wani gida dabam. Wi-Fi na gida kowa na hawa, baƙo da maƙwabci. Wayar da ta kamu da muguwar manhaja kuma ana iya bi ta cikinta a yi sata mai ita yana barci. Hoton kyamarar na'urar cirar kuɗi ma haka: idan agogonta ya saɓa da na banki da minti biyu, ana iya buga fuskar wanda ya zo kafin ɓarawon ko bayansa.

To me doka ke nema? A kusan ko'ina laifin damfara yana tsaye ne a kan sani da niyya. Dokar tarayyar Amurka kan damfarar kati (sashe na 1029) ta shardanta cewa mutum ya aikata da saninsa kuma da nufin zamba. A ƙarƙashinta, samun abin da ya kai dala 1,000 cikin shekara guda da katin da ba a ba ka izini ba, ko riƙe lambobin kati 15 ko fiye na sata, na iya kai mutum ɗaurin shekara 10. Dokar damfara ta Ingila ta 2006 ita ma tana neman rashin gaskiya a zuci, kuma iyakar hukuncinta shekara 10 ne. Wannan kariya ce ga mai gaskiya, amma kada ta ruɗe ka. Kotuna da yawa na ɗaukar wanda ya ga alamu ƙarara ya kau da kai da gangan tamkar wanda ya sani. Dokar Ingila ta 2002 kan dukiyar da aka samu ta haram ma zato kawai take buƙata, kuma hukuncin halasta kuɗin haram a cikinta ya kai shekara 14. Alƙali ba ya ganin zuciya. Daga saƙonninka da rasitanka da abin da ka yi bayan kuɗin sun shigo zai karanto niyyarka.

Abin da ya fi ciwo shi ne hukuncin kan riga shari'a zuwa. Banki ya rufe asusu, albashi da kuɗin haya su maƙale, ka je ka tambaya a ce ba za a iya yi maka bayani ba. Ba lallai wulaƙanci ba ne daga ma'aikacin: dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram sun hana banki gaya wa mutum cewa an kai rahoto a kansa. A Birtaniya banki na iya sa sunan mutum a rumbun Cifas, inda bankuna ke musayar sunayen waɗanda ake zargi da zamba, alamar ta zauna har shekara 6, kuma a tsawon lokacin buɗe sabon asusu ko samun bashi ya zama wahala. Ɗan kasuwan da bankinsa ya kore shi kan zargin zamba na iya shiga jerin MATCH na Mastercard na shekara 5, ya kasa samun mai ba shi na'urar karɓar kati. Duk wannan ba tare da alƙali ya ce uffan ba. A ganina zalunci ne a bar na'ura ta yi wa mutum tambari kan mai uwa da wabi, sannan a ɗora masa nauyin wanke kansa daga zargin da ba a ma faɗa masa ba. Banki na da haƙƙin kare kuɗin jama'a, amma wajibi ne mutum mai rai ya duba fayil ya saurari wanda ake zargi kafin a buga alamar da za ta bi shi shekaru.

Idan abin ya same ka, kwanakin farko su ne komai. Kada ka goge ko harafi ɗaya. Mai gaskiya kan firgita ya share hira, ya sauya waya, ya rufe shafi, kuma wannan kaɗai na iya zama sabon laifi na ɓata shaida, bayan ya hallaka abin da zai cece shi. Fitar da cikakkiyar hirar daga manhajar, da ranaku da lambobi, domin hoton allo guntu-guntu ana iya cewa an tsinto shi ne. Adana tallar da ka gani, shaidar biyan da ka yi, takardar masu kawo kaya, da bayanan asusu na watannin da abin ya shafa. Zauna ka rubuta abin da ya faru rana bayan rana tun ƙwaƙwalwarka na ɗanye, ka miƙa wa lauyanka shi kaɗai.

Kuɗin da suka shigo ba ka san tushensu ba, kada ka taɓa su, kuma kada ka mayar da su da hannunka. Wanda zai kira ka yana kuka wai kuskure ya yi, ya ba ka wata lamba ka tura, sau da yawa shi ne ɓarawon, kuma da ka tura ka kammala masa aikin. Rubuta wa bankinka, ka karɓi lambar ƙorafi, ka bar su su mayar ta hanyar da kuɗin suka zo. Kada kuma ka nemi mai katin don ku sasanta a bayan fage. Tayin biya ana iya karanta shi a matsayin amsa laifi, ko yunƙurin toshe bakin shaida.

Idan an gayyace ka "'yan tambayoyi kawai", je da lauya. Kada tsoron a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as ya hana ka; neman lauya haƙƙi ne, ba ya nuna laifi. Dalilin a fili yake: mutumin da ke cikin firgici yakan yi hasashe. Ya ce "ina jin ranar ina gida", daga baya bayanan waya su nuna yana wani wuri, shi ke nan an rubuta shi maƙaryaci a kan abin da mantuwa ce kawai. A Amurka yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa da ke kai wa shekara 5. A Ingila kuma yin shiru kan abin da za ka dogara da shi daga baya na iya sa kotu ta yi maka mummunar fassara, ko da yake lauya kyauta ne a ofishin 'yan sanda. Ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa sai wanda ya san dokar wurin zai gaya maka lokacin magana da lokacin shiru. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba ko ba ka fahimci harshenta ba. Idan aka karɓi wayarka ko kwamfutarka, nemi takardar da ta lissafa abin da aka ɗauka.

Wata shaidar tana da wa'adi. Kyamarorin tsaro kan rufe tsohon hoto da sabo cikin 'yan kwanaki ko makonni, don haka lauyanka ya rubuta tun da wuri a adana hoton shagon ko na na'urar cirar kuɗin. Rajistar shiga wurin aiki, tikitin tafiya, da tarihin wuraren da wayarka ta je duk suna iya nuna kana wani gari lokacin da aka yi cinikin. Idan kuma da takardun shaidarka aka buɗe asusun da ba ka sani ba, kai ma wanda aka zalunta ne: shigar da rahoton satar bayanai, ka riƙe kwafi mai ɗauke da kwanan wata.

Ko bayan an ce babu ƙara a kanka, aiki bai ƙare ba, domin alamar banki ba ta goge kanta. Nemi a ba ka sakamakon binciken a rubuce. Aika kwafi ga sashen ƙorafi na bankin, ka buƙaci a buɗe asusun kuma a cire sunanka daga duk rumbun da aka sa shi. A ƙasashen da ke bin dokar kare bayanai ta Turai kana da ikon neman duk abin da aka rubuta a kanka, kuma wata guda ne wa'adin amsawa. Idan bankin ya ƙi, wuce zuwa hukumar da ke sauraron koken abokan hulɗar bankuna a ƙasar, kamar Financial Ombudsman Service a Birtaniya. Bayan wata biyu ko uku ka sake neman bayananka don ka tabbatar an cire alamar da gaske.