Man fetur ɗin da ke can cikin teku yana da mai shi

Abin yana damuna idan na ji ana cewa da zarar an yi nisa da gaɓar teku babu sauran doka, duk kamfanin da ke da kuɗi da kayan aiki sai ya je ya haƙi mai abinsa. Masu faɗin haka suna da hujjarsu, domin sun ji cewa ruwan kowace ƙasa mil 12 ne kacal daga gaɓa.

Mil 12 ɗin gaskiya ne, amma iyakar cikakken ikon ƙasa ke nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka rattaba wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994, ta ba ƙasar da ke bakin teku wani yankin na tattalin arziki har mil 200. A cikinsa kifi da mai da iskar gas duk nata ne, babu mai haƙa rijiya sai da izininta. Jiragen ruwa na wasu ƙasashe dai suna da 'yancin wucewa, kuma ina ganin daga nan ruɗanin yake tasowa.

Ga misalin Bonga, wani filin haƙar mai a cikin teku, wajen kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, inda Shell ya fara fitar da mai a 2005. Ya wuce mil 12 nesa ba kusa ba, amma da lasisin Najeriya ake aiki, Najeriya ake biya haraji, kuma tun bayan dokar man fetur ta 2021 NUPRC, hukumar Najeriya mai kula da harkar haƙar mai, ce ke sa ido a kai.