Ku juya kyamarar nan ta kalli unguwarku

Ƙannena ɗaliban aikin jarida, da ku matasan da ba kwa rabuwa da waya, ku ba ni aron kunnenku.

A 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya, a Ibadan. Arewa ta samu nata a Kaduna a 1962, daga baya kuma marigayi Abubakar Rimi ya kafa CTV a Kano, wadda yau ake kira ARTV. A wancan zamani, kafin fuskar mutum ta fito a akwatin talabijin sai an haɗa mota da ma'aikata da kyamara mai nauyin buhu. Shi ya sa manya aka fi nunawa, talaka nasa kallo. Yau wayar da ke aljihunka ta fi waccan kyamarar fitar da hoto. To me kake ɗauka da ita?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Sai ka ga ɗalibi ya ƙware a yanka bidiyo, amma duk basirar ta ƙare a rawa da gulmar 'yan fim. Alhali famfon burtsatsen unguwarsu ya yi watanni ba ya kawo ruwa, kwata ta toshe ga damina ta ƙarato, yara suna karatu a ƙasa ajin babu rufi. Manyan gidajen talabijin ba sa leƙa lungu sai gobara ta tashi ko an rasa rai. Wannan giɓin shi talabijin ɗin al'umma yake cikewa: mai shayi da ungozoma da manomi su faɗi damuwarsu da bakinsu, da harshen da kakarka za ta gane, ba Ingausa ba.

Kada ku ce sai kun samu lasisi. Ko rediyon al'umma, sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da rukunin farko na lasisinsa, ballantana talabijin mai tsada. Amma akwai gidajen rediyon jami'o'i irin su BUK FM, akwai ɗakunan gwaji na sashenku, akwai Facebook da YouTube. Da tsohuwar zuma ake magani, ku fara da abin da ke hannu.

Sai dai kyamara amana ce, kuma a nan ne nake jin tsoro. Kafin ka ɗauki hoton matar aure ko yaro ko marar lafiya, nemi izini, kuma ka gaya musu inda za a nuna. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka kafa kyamara a layi. In jama'a sun zargi kansila, je ka ji ta bakinsa, kada ka yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Ɗan siyasa zai miƙo maka na goro. Ranar da ka karɓa, bakinka ya zama nasa, kuma mutanen unguwa za su gane tun kafin ka gane.

Wani ɗan abu da ake rainawa: sauti. Mutane za su jure hoto mai dishi-dishi, amma ba za su tsaya kan maganar da iska da ƙarar babur suka cinye ba. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi ƙaramin makirufo. Asabar ɗin nan ku je wurin famfon da ya lalace, ku tambayi masu ga-ruwa nawa suke sayar da jarka yanzu, nawa suke sayarwa kafin ya tsaya.