Ta iya tara santimita, amma ba ta san santimita ba

Shekaranjiya da daddare na zauna kusa da 'yata mai shekara bakwai tana aikin gida na lissafi. Tambayoyi takwas aka ba su, duk a kan awon tsawo. Santimita 45 a tara da santimita 38: nan take ta rubuta 83, har da ɗaukar ɗaya ta kai gidan gomomi, babu gargada. Santimita 70 a ɗebe 26: ta rubuta 44. Raina ya yi fari, har na fara yi wa kaina kirari a zuci cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai kawai na ce mata, "To, nuna mini santimita 45 ɗin nan da hannunki."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta ware hannuwanta biyu iya ƙarfinta, ta kalli fuskata, ta ga ban ce komai ba, sai ta tsuke su har tafukan suka kusa haɗuwa. Can ta ce, "Baba, ai ba a nunawa, rubutawa ake yi."

Jama'a, wannan magana ce ta sa ni wannan dogon rubutu. Yarinyar nan za ta ci takwas bisa takwas, a ja mata jan biro mai kyau, ni ma in sa hannu ina murmushi, alhali ba awo ta koya ba. Tarawa da ɗebewa ta koya, aka liƙa wa lambobin wutsiyar "cm", wato santimita a taƙaice, a baya. Da an rubuta 45 tsuntsaye ko 45 duwatsu, amsarta ɗaya ce, kuma abin da ke cikin kanta ɗaya ne. Ra'ayina a taƙaice shi ne: yaron da bai taɓa jin santimita a yatsunsa ba, bai kamata a yi gaggawar ɗora masa tara santimita a takarda ba. Kuma ba malamai nake tuhuma ba. Mu iyaye ma amsar da ke takarda muke dubawa, ita ce ke faranta mana rai.

Na ɗauko rula na ba ta, na ce ta auna fensirinta. Ta ɗora gindin fensirin a kan lamba 1, ta duba inda bakinsa ya tsaya, ta ce 15. Fensirin santimita 14 ne. Ka gwada da kowane yaro na wannan shekaru, akwai yiwuwar haka zai yi, kuma in ka tsaya ka yi tunani za ka ga yana da hujjarsa. Tun da ya fara buɗe baki muke koya masa ɗaya, biyu, uku. Wa ya taɓa ƙirga yatsunsa ya fara da sifili? Sai rana ɗaya mu miƙa masa wani katako mu ce a nan kam daga sifili ake farawa, ba tare da mun gaya masa dalili ba. Dalilin kuwa shi ne duk sirrin awo: lambobin da ke jikin rula ba layuka suke ƙirgawa ba, tazarar da ke tsakanin layukan suke ƙirgawa. Lamba 1 ba ita ce wurin farawa ba, shaida ce cewa an riga an ci santimita guda. Kamar shekarun haihuwa ne. Ranar da aka haifi jariri ba a ce yana da shekara ɗaya, sai ya zagaye ta tukuna.

Su ma rulolin ba sa taimakawa. Wata an bar mata ɗan fili kafin layin sifili, yaro ya jingina abu da bakin katakon ya sami amsa ta ragu. Wata kuma gefe guda santimita, ɗaya gefen inci, yaro ya juya ta ya auna fensiri guda ya ga 14 a nan, ya ga biyar da rabi a can, ya rasa wanne ne gaskiya. Duka gaskiya ne, tunda inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, amma wa ya zauna ya faɗa masa?

Abin da ya fi komai amfani a daren nan wasa ne da na ƙirƙira saboda taurin kai. Na sa takarda na rufe farkon rular, daga sifili zuwa 3, na ce mu ɗauka ta karye. Na ɗora abin goge fensir daga kan 3 zuwa kan 8, na ce nawa ne tsawonsa? Ta ce 8. Na ce ƙaramin abin nan? Ta sake dubawa, ta ƙirga layuka da bakin fensir: uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, layi shida. Ta ce 6. Na ce ta ɗora yatsa ta riƙa tsallakawa daga layi zuwa layi, ta ƙirga tsallen. Tsalle biyar. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ai takwas ne aka cire uku." Ban gaya mata ba. Ɗebewar da take yi a takarda tun bara ce ta fito ta tsaya a gabanta da jiki. Fuskarta a wannan lokaci ta fi mini duk jan biron duniya.

Kafin ma a zo kan rula, akwai wani mataki da manya ke tsallakewa don sun manta sun taɓa hawansa. Masanin halayyar yara Jean Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi wani gwaji mai sauƙi: a jera sanduna biyu masu tsawo ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sannan a gabansa a tura ɗaya gaba kaɗan. Ƙananan yara da yawa za su ce wadda aka tura ta fi tsawo, domin bakinta kawai suke kallo, ba sa lura da gindin da ya matsa. Masana bayansa sun yi ta muhawara kan ainihin shekarun da yaro ke wuce wannan mataki, da kan yadda salon tambayar kansa ke rikita yara, amma abin da ya gani kowa na iya gani a ɗakinsa da tsinke biyu. Yaron da har yanzu yake ganin tsawo na canzawa idan an motsa abu, me rula za ta yi masa? Ya fi buƙatar ya yi ta jera abubuwa gindi da gindi, ya ce wannan ya fi, wannan bai kai ba, waɗannan kunnen doki.

Daga nan sai awo da jiki. Ni ina goyon bayan a bar yara su yi ta auna tebur da taƙi, ɗaki da taku, igiya da kamu, har su gaji. Ba don su zauna a nan ba, sai don rigimar da za ta biyo baya. Yarinyata ta auna teburin ta sami taƙi tara. Na auna na sami biyar. Ta ce na yi coge. Na sake a gabanta, biyar dai. To tebur ɗin ne ya tsuke? Wannan gardama ita ce ƙofar da santimita ke shigowa. Yaron da ya yi ta da kansa, in ka miƙa masa rula zai karɓe ta a matsayin alƙali. Wanda bai yi ta ba kuwa, zai karɓe ta a matsayin wani ƙarin wahalar makaranta.

Kuma fa ita wannan gardamar ɗan Adam ya shafe dubban shekaru yana yi. Mutanen Masar na dā sun gina dalarsu da ma'aunin kamu na sarauta, mai kusan santimita 52. Faransa kafin juyin juya hali cike take da ma'aunai barkatai, suna ɗaya amma tsawo ya bambanta daga gari zuwa gari. A 1791 ne masanan ƙasar suka ba da shawarar a ɗauki tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, a kasa ta gida miliyan goma, kashi ɗaya ya zama mita. Aka tura mutum biyu, Delambre da Méchain, suka fara aiki a 1792 suna auna ƙasa tsakanin garin Dankak na Faransa da birnin Basalona na Sifaniya, suka kwashe kimanin shekara shida a tsakiyar yaƙi da rikici. A 1799 aka ƙera sandar mita ta ƙarfen filatinam. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Faris. Tun 1983 kuwa, mita ita ce tazarar da haske ke ci a sarari marar iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Abin da ya ci wa manyan masana wannan doguwar tafiya, shi muke so ɗan shekara bakwai ya haɗiye a mako guda daga kan allo.

Alherin tsarin mita shi ne komai goma-goma yake tafiya: milimita 10 santimita ɗaya, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kilomita ɗaya. Sai dai sauƙin nan ga babba ne. Tambayi yaro wanne ya fi tsawo, mita 1 ko santimita 95. Zai ce 95, don ya san 95 ta fi 1 nesa ba kusa ba. Ka ce masa igiya mita 1 ce aka yanke santimita 35, saura nawa? Wani zai ce ba za a iya cire 35 daga 1 ba, wani ya juya lissafin ya ba ka 34. Amma ka ba shi igiyar da almakashi da tef ɗin awo, ya yanke da hannunsa, ya auna saura ya ga 65. Daga ranar ya san akwai ɗari ɓoye a cikin wannan ɗayan. Haka nan in aka ce mita 1 da santimita 20 a ƙara santimita 90, yaro ya rubuta mita 1 da santimita 110, don Allah kada a buga masa kuros. Bai yi kuskure ba, canji ne bai yi ba. A tambaye shi ko akwai wata mita da ke laɓe cikin 110 ɗin, zai zaƙulo ta da kansa ya ce mita 2 da santimita 10.

Na san abin da wasu za su ce: aji cike da yara, manhaja mai tsawo, jarrabawa na tafe, ina lokacin yankan igiya? Gaskiya ne, nauyin ba ƙarami ba ne. Amma yaron da aka tsallake masa wannan mataki, nan gaba za a biya bashin da ruwa, ranar da aka zo kewayen fili da faɗinsa, da ma'aunin taswira, da lambobi masu ɗigo. Kuma rabin aikin nan ba sai a aji ba. Igiya, tsinke, takarda, ƙofar ɗaki, duk kayan karatu ne. Wasu kuma za su ce ai yanzu waya ma tana awo. To, in wayar ta ce tsawon ƙofa santimita 20 ne, wa zai gane ta yi shirme, in ba wanda ya san a jikinsa cewa ƙofa takan kai wajen mita 2 ba?

Shi ya sa nake ganin ƙiyasi ya fi a raina shi. Kafin a ɗora rula, a ce yaro ya canka. A ba shi 'yan abubuwan da zai riƙa jingina da su: faɗin ɗan yatsansa wajen santimita ɗaya ne, rularsa 30 ce, gajeren gefen takardar A4 santimita 21, jariri sabon haihuwa kusan 50. Mai waɗannan a ka ba zai rubuta cewa tsawon fensirinsa mita 14 ne ba tare da ya yi wa kansa dariya ba.

Wani abu kuma da a dā nake gani tsanantawa ce, yanzu na sauya ra'ayi: malamin da ke rage maki in yaro ya rubuta 83 bai sa santimita ba. Yana da gaskiya. 83 me? A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, domin wani ɓangare na masu aikin ya fitar da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma ya karanta lambobin a matsayin na tsarin mita. Injiniyoyi ne fa, ba 'yan aji biyu ba. Sai dai a nan ma, in yaro bai san abin da wutsiyar ke nufi ba, tsoron jan biro kawai zai sa ya liƙa ta.

Jiya da na dawo gida na tarar an auna komai. Takalmina 28, cokali 17, wutsiyar kyanwa ba a samu ba don ta ƙi tsayawa. Ta ja ni bakin ƙofar ɗakinsu ta ce in canki faɗinta. Na ce 90. Ita ta ce 80. Ta ɗora tef, ta lalubo sifili da yatsa ta danne shi a jikin katako, ta ja zuwa ɗaya gefen: 76. Ta ƙirga a yatsu, ta ce ita da huɗu ta kuskure, ni da goma sha huɗu, don haka ta fi ni da goma. Yau da safe kuma ta ce in kwanta a ƙasa, ni za a auna.