Yadda Na Mayar Da Gonar Albasar Kawu Tafki

Kawuna yana noman albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, kuma duk rani kukansa ɗaya ne: kuɗin fetur na injin ban-ruwa da yaran da ke barci su bar shuka da ƙishi. Ni kuwa tun da na gama karatun kwamfuta a Sakkwato dangi ke kirana Injiniya, alhali ban taɓa gyara ko fitila a gidan kowa ba. Sai na ce bari in wanke sunana. Na haɗa masa 'yar na'ura mai aiki da sola, ƙaramin allon kwamfuta mai ɗauke da Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar), da ma'aunin danshi a binne cikin ƙasa. Ƙasa ta bushe, famfo ya tashi. Ta jiƙa, ya tsaya.

Na rubuta direba biyu, wato 'yan shirye-shiryen da ke koya wa kenel, zuciyar Linux ke nan, magana da kowane ƙarfe: ɗaya na ma'auni, ɗaya na famfo. A ɗakina na Mabera na gwada da bokiti da ƙasar tukunyar fulawa, komai lafiya lau. Har hoto na ɗauka na tura zauren WhatsApp na dangi.

Daren da zan kai ta gona sai tsafta ta motsa mini. Na buɗe Makefile, fayil ɗin da ake jera sunayen direbobin da za a haɗa cikin kenel, na ga sunayen a hargitse, na jera su bisa haruffa kamar rajistar aji. Famfo ya hau sama, ma'auni ya koma ƙasa.

To, kenel ɗin Linux idan zai tashi, ba ya tada kowa lokaci guda. Matakai takwas ne, daga 0 zuwa 7, kamar zaman fada, kowa da wurinsa: core, postcore, arch, subsys da sauransu, har zuwa late. Direbobi irin nawa a mataki na 6 suke taruwa. Su kuwa 'yan mataki ɗaya, wanda aka fara rubutawa a Makefile shi ake fara kira. Ke nan famfo ya farka ya nemi ma'auni, ma'auni bai ko buɗe ido ba.

Masu Linux sun san da wannan rigima tun tuni. A 2012, cikin Linux 3.4, Grant Likely ya shigar da wata amsa mai suna EPROBE_DEFER, lambarta 517. Ma'anarta: abin da kake nema bai iso ba tukuna, koma gefe, za a sake kiranka. Direba mai tarbiyya yakan mayar wa kenel wannan lamba ya jira. Nawa direban ya karɓi -517, ya ajiye ta a gurbin danshin ƙasa.

Ku duba fa. Na gaya masa duk abin da ya gaza 30 bushewa ce. Shi kuma ga ƙasa mai danshi -517. Ko Sahara ba ta kai nan ba. Bawan Allah ya ga albasar Kawu na cikin masifar da ba a taɓa gani ba tun zamanin Shehu, ya saki ruwa da iya ƙarfinsa, yana jiran lambar ta haura 30. Ina za ta haura, tunda ba daga ma'auni ta fito ba?

Rana ta fito, sola ta kama, na'ura ta tashi ba kowa a gona, don Kawu ya sallami yaran, ya ce yanzu zamanin Injiniya ne. Wajen azahar wayata ta yi ƙara.

"Kai ɗan nan, mi ka sa ma wagga na'ura?"

"Kawu, lafiya dai?"

"Lahiya lau. Agwagin maƙwabta na nan suna wanka cikin albasata. Taho ka gaishe su."

Na hau mota zuwa Wurno gabana na faɗuwa. Na tarar da shi ya naɗe wando har gwiwa, manoma sun kewaye, wani tsoho yana tambaya ko gulbin Rima ne ya yi ambaliya da rani. Na zauna gindin mangwaro da kwamfuta a cinya, na kunna initcall_debug, wanda ke nuna wa ya fara tashi wa ya biyo baya, sai ga jerin nan ɓaro-ɓaro: famfo a gaba, ma'auni a baya.

Shaiɗan ya raɗa mini hanyoyi biyu masu sauƙi: in tura famfo mataki na 7, ko in sa shi ya yi barcin daƙiƙa biyar kafin ya tambaya. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san su, kuma duka biyun rufa-rufa ce, ranar da aka ƙara wani ƙarfe sai ta tonu. Layi biyu na ƙara: in amsa ta zo da alamar ragi, kar a taɓa famfo, a mayar wa kenel abinsa. Na sake kunnawa. Famfo ya nema, aka ce jira, ya jira, ma'auni ya tashi, aka sake kiransa.

Na yi wa Kawu bayani dalla-dalla. Ya saurara yana matse ƙafar wandonsa, sannan ya ce:

"Shi wancan na farko, mai haukan, ka goge shi?"

"Yana nan, Kawu."

"To kar ka taɓa shi. Baɗi shinkafa za ni sawa a nan. Kuɗin albasa kuwa, mu yi maganarsa gaban babanka."