Madara ba ta wanke huhu

Tun da aka rushe kasuwar 'yan gwangwan ta Agbogbloshie a watan Yulin 2021 ake yi mana albishir wai hayaƙi ya ƙare a Accra. Warwatsuwa kawai ya yi. Har yau ana ƙona wayoyin lantarki don a ciro jan ƙarfe, ana babbakar ganda da tsofaffin tayoyi, kuma da yawa daga yaran da ke tsaye cikin baƙin hayaƙin nan namu ne, 'yan Arewacin Ghana da 'yan Zongo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin da iyayen gidansu ke ba su: "In ka tashi aiki ka sha gwangwanin madara, za ta wanke maka ƙirji."

Ta ina? Madara ciki take faɗawa. Hayaƙi kuwa maƙogwaro yake bi, ya rarrabu cikin ƙananan bututu har ya kai ga 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, fiye da miliyan 300 a ƙirjin baligi. Bangon da ya raba iska da jini a wurin bai kai kaurin zaren gizo-gizo ba. Ta nan iskar oksijin ke ratsawa, sinadarin himogulobin da ke cikin jini ya ɗauke ta ya kai wa sassan jiki, gurɓatacciyar iskar kabon dayoksaid kuma ta fito. To, iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin taya tana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200, sai ta tare wurin. Ciwon kai da jirin da yaran ke kuka da su da yamma, ba gajiya ba ce kaɗai. Ƙurar hayaƙin kuma tana maƙalewa a jakunkunan nan, ta kumbura su, wata ma ta ratsa cikin jini. Ko ɗigon madara ba ya zuwa can.

Masu cewa "ai nan ne abincinsu" su faɗa mana wa zai ciyar da saurayin da numfashi ya gagare shi tun bai yi aure ba. Uban gidan da ke miƙa gwangwani alhali shi yana can nesa da wutar, zalunci yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Mahauta su koma babbaka da gas, hukumar kare muhalli ta daina jiran sai 'yan jarida sun zo. Limamanmu na unguwannin Nima da Mamobi kuma su faɗa a huɗubar Juma'a cewa tura ɗan wani cikin hayaƙin taya cin amana ne.