Sabon Excel, tsohon makro ya ƙi tashi

Masu gyaran kwamfuta a Kaduna, don Allah ku daina ɗora wa mutane Office mai 64-bit ba tambaya! Ƙarshen wata akawu ya buɗe fayil ɗin albashi a Excel, ya danna maɓallin makro, wato ɗan shirin da ke yin aikin da kansa, sai jan rubutun kuskure. Makron nan don Office mai 32-bit aka rubuta shi. Kafin ya yi aiki a 64-bit, duk layin Declare a cikin rubutun makron sai an ƙara masa kalmar PtrSafe, a mayar da Long ya koma LongPtr, amma inda yake riƙe da adireshin ƙwaƙwalwar kwamfuta ko handle (lambar shaidar taga da makamantanta) kaɗai, ba ko'ina ba.

Wani abin haushin, tun 2022 ana toshe makron fayil ɗin da aka sauke daga intanet, sai ka shiga Properties na fayil ɗin ka zaɓi Unblock. Wanda kuwa ya adana fayil a .xlsx maimakon .xlsm, wato nau'in da ke riƙe makro, makro ya tafi ke nan.