Mai hoto, kai da mutanenka bayan biki

Shekara 11 ke nan ina ɗaukar hoto a Kano, kuma zan faɗi abin da wasu abokan sana'a ba za su so ji ba. Yawancinmu da an ba mu cikon kuɗi, an karɓi albam, shi ke nan an rabu. Sai azumi ya kama, bukukuwa sun tsaya, aljihu ya yi sanyi, sannan mu tuna da su, mu hau tura "Juma'a Mubarak" mai furanni, saƙo ɗaya ga mutum 300. Wannan talla ce, kuma sun gane.

Ni abin da ya riƙe min mutanena ajiya ce. Duk bikin da na ɗauka, tun daga kamu har walima, yana nan a wuri biyu, da sunan gida da shekara. Layina kuma bai taɓa canzawa ba.

Bara wani bawan Allah da na yi wa aiki a 2017 ya kira ni, murya a sanyaye. Mahaifinsa ya rasu. Yana neman hoton da tsohon yake zaune a wurin ɗaurin aure, ya ɗaga hannu ana shafa fatiha. Wanda ke wayarsa, ta WhatsApp aka turo masa shi, kuma kun san yadda WhatsApp ke matse hoto in ba a matsayin fayil aka tura ba. Da an ce a faɗaɗa shi sai ya dushe. Na tono na asali, na wanke babba, na sa a firam, na kai har gida na yi ta'aziyya. Ya ce, "Malam, nawa ne?" Na ce haba, Yallaɓai. Ban yi don a rama min ba, amma tun ranar, suna ne, saukar Alƙur'ani ce, bikin ƙanwa ne, ni ake nema.

Sai dai a yi hattara. Lambar amarya da ka samu lokacin shirin biki ba taka ba ce bayan ta tare. In gaisuwa ce, bi ta wurin ango ko uwar biki. Hotonta kuma kada ya hau Instagram ɗinka sai da izini, ko da ya fi duk aikinka kyau.

Ni ma na taɓa kwafsawa. Na tura wa wani ango hotonsu ranar da suka cika shekara, har da addu'ar zuri'a ɗayyiba. Can da daddare ya amsa: "Na gode, amma auren ya mutu tun kafin Babbar Sallah." Kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu sai na fara da "ya iyali?" in ji yadda amsar ta fito, kafin in taɓa tura komai.